Maɗaciyar Gwaggo Tabawa

Tun da aka hana 'yan jinya shiga asibiti, na'ura ke duba kowa. Gwaggo Tabawa, wadda 'ya'yanta suka watsu a birane, ta je ita kaɗai da ciwon ciki.

Na'urar ta yi mata allurar ruwa mai kumfa, ta ɗora hannun roba mai ɗumi ƙasan haƙarƙarinta. Maɗaciyarta ta haskaka a allo.

"Iya, ba ciwon daji ba ne, tsakuwa ce. Za a cire."

"Alhamdu lillahi. Sake dubawa, ɗan nan."

"Hoton ya fito sarai, Iya."

"Na ji. Kar dai ka ɗauke hannun tukuna."

Rabon da wani ya taɓa ta tun rasuwar mijinta. Hannun ya ɗaga, na'urar ta kira na gaba.