Wa Ya Amsa Sallamar?

Tun da aka kafa dokar sallama a Zariya, babu jirgin ɗaukar hoto da ke haura katangar wani sai ya yi sallama da muryar mai shi, an kuma amsa daga ciki. In ba a amsa ba, dole ya juya.

Da hantsin Talata Malam Barau yana wasa da nasa a ƙofar gida, sai rimot ya daina ji. Ya danna, ya girgiza, ya bubbuga shi a tafin hannu, jirgin ko a jikinsa. Jirgin ya miƙe sak zuwa gidan marigayi Tanimu, wan Barau, gidan da ke kulle shekara biyu.

Barau ya bi shi da sassarfa. Ya ji muryar kansa daga sama tana cewa, "Salamu alaikum."

"Amin, alaikumus salam," aka amsa daga ciki. Jirgin ya sulale cikin gidan.

Tsohuwa Ladidi, maƙwabciyar da ke riƙe da makullin, tana tsintar wake a bakin zaurenta.

"Iya, wa kika saka a gidan nan?"

"Ni? Ga makulli a haɓar zanena." Ta yi masa kallon sama da ƙasa. "Kai zan tambaya, Barau. Wata uku ke nan kullum ina jin muryarka tana sallama a nan, ana amsa maka. Da wa kake ganawa?"

Barau ya dubi kwaɗon ƙofar da ya yi tsatsa, ya dubi rimot. Juma'ar nan da ta wuce ya sayi jirgin.