Mai Zanen da Bai Sa Sunansa Ba

Tunda ka ce kai ma za ka fara ɗora aikinka a intanet, zauna in ba ka misalin wani mai zane. Shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki can ƙarshen layi tun bayan rasuwar matarsa. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi kuma sun yi nisa, sai fensir da takarda suka zame masa abokan hira. Mutanen unguwa yake zanawa: mahauci yana wasa wuƙa, mai ƙosai tana kare fuska daga hayaƙi, tsofaffi a kan dakali bayan la'asar. Amma duk macen da ya zana, ko bai yi niyya ba, sai ta fito da wushiryar marigayiyar da irin ɗaurin ɗankwalinta mai karkata hagu. In ya gama sai ya ɗauki hoton zanen ya saka a shafinsa, cikakke tar da shi, ba suna ba sharaɗi, kuma yabon da baƙi ke rubuto masa shi ne kaɗai sallamar da yake samu a yini. Cikin masu rubuto masa akwai wata mai zane a wani gari, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ita ce ta yi ta jan kunnensa. Ta gaya masa akwai kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da ke kwashe duk hoton da suka tarar a intanet, suna ɗura wa na'urorinsu don su koyi hannun mutane. Ta ce ya riƙa sa sunansa a cikin jikin zanen inda ba za a iya yankewa ba, ya rage girman abin da yake sakawa, ya rubuta ƙarara cewa bai yarda a koyar da na'ura da aikinsa ba, ya adana takardun asali da kwanan watansu. Ta kuma gayyace shi ƙungiyar da ita da wasu masu zane suka kafa don yi wa ayyukansu rajista. Ya yi mata godiya, ya ce suna a tsakiyar zane ɓata zane ne, kuma shi wa ya san da zamansa balle a yi masa sata? Takardun asalin ma kyauta yake miƙa wa duk wanda ya zana.

A hankali aiki ya fara ja da baya. Mai buga littattafan yara da ya saba nemansa ya daina kira. Da ya je gaishe shi, mutumin ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito fili ya ce yanzu na'ura ke yi musu, kafin shayi ya huce ta gama, kuma ai hannun kusan ɗaya ne da nasa. Mai zane bai gane nauyin maganar ba sai ranar da ya fita sayen fensir, ya ɗaga kai a bakin kasuwa ya ga wani ƙaton allon talla. Mace ce a zane, riƙe da sabulun wanki tana murmushi, ga wushirya, ga ɗankwali ya karkata hagu. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, masu babur suna kewaye shi suna tsaki. Ya ƙarasa wurin wani mai rake da ke zaune a inuwar allon, ya nuna sama da yatsa, ya ce, "Malam, wannan matata ce." Mai rake ya dubi allon, ya dube shi, ya ci gaba da fere.

Ya nemi masu tallar, suka ce su ba wanda ya zana musu, na'urar wani kamfani suka tambaya ta ba su. Ya aika wa kamfanin kokensa, amsa ta dawo nan take cikin ladabi, ita ma na'ura ce ta rubuta, tana neman ya kawo shaida. Ya je wurin lauya. Lauya ya tambayi takardun asali, ya ce ya rabar. Lauya ya tambayi tsohuwar wayar da ya ɗauki hotunan da ita, ya ce ta lalace tuni. Suka duba intanet, suka tarar zanen nasa ya bazu a shafukan mutane barkatai, ba mai iya cewa daga ina ya taso. Lauya ya ce shi kam ya yarda da shi, amma alƙali hujja yake nema a gabansa. Ita kuwa abokiyar tasa, na'urar ta taɓa nata aikin ita ma, sai dai da ita da 'yan ƙungiyarsu suka haɗa kai suka baje shaidarsu, dole kamfanin ya zauna da su, ya janye ayyukansu. Ba ta yi masa gori ba, sake gayyatarsa kawai ta yi. A wannan karon ya shiga, kuma daga ranar bai ƙara sakin zane ba sai da sunansa da sharaɗinsa. Amma abin da na'ura ta riga ta haɗiye ba ta amayar ba. Ya canza hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta ƙarƙashin allon nan, kuma har yau maza kaɗai yake zanawa, domin duk lokacin da ya fara fuskar mace, yana isowa baki sai hannunsa ya tsaya, ya kife takardar.

To kai da ba ka riga ka saki naka ba, ka yi wa abinka shaida tun yana hannunka. Hausawa dai sun faɗa: tun ran gini, ran zane.