Ranar Da Aka Zo Ɗaukar Takwara

Wata uku Inna ta yi tana shirin zuwa wajen ɗanta a wata ƙasa mai nisa. Ta tambayi nauyin kayan da ake bari a shiga jirgi da shi, ta tambayi rigar sanyi, ta tambaya ko za a ƙwace mata man zafi. Yadda mutanen can suke zaune da 'ya'yansu kuwa, ba ta tambaya ba, ba kuma wanda ya gaya mata.

Ɗan nata direban motar 'yan makaranta ne, shekararsa goma sha ɗaya a can. 'Yarsa ɗaya, mai shekara bakwai, sunan Inna aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara. Saura kwana biyu Inna ta sauka, matarsa ta tare shi a kicin.

"Baban Takwara, ka zaunar da Inna ka gaya mata dokar garin nan. Ba a dukan yaro. Ka dai san hannunta."

"Ni zan koya wa Inna tarbiyya? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin abinci. In nauyi kake ji, bar ni in faɗa."

"A ce suruka ta kafa mata doka tun ba ta ajiye jaka ba? Wata biyu ne fa. Za a lallaɓa."

Makon farko sai daɗi. Inna ta miƙe ƙafa a kujera ta ce, "Ke, ɓarauniyar suna, zo ki matsa mini." Takwara ta ce, "Ai ke kin gama cinye shi, Inna, yanzu nawa ne." Wata rana ana cin abinci, matar ta yi ƙarfin hali ta fara, "Inna, a nan fa malaman makaranta sukan tambayi yara…" Inna ta katse ta: "'Ya'ya tara na raina, ba wanda ya lalace. Ga ɗaya nan kina aure." Direba ya yi dariya, ya sunkuyar da kai cikin faranti.

Ranar Talata da la'asar iyayen suna wurin aiki. Inna ta ce wa yarinya ta kashe talabijin ta zo ta ci abinci. Takwara ta dube ta ido cikin ido, kamar yadda aka koya musu a makaranta, ta ce, "Sai na gama." Inna ta zare wayar cajin da ke jikin bango ta zuba mata uku, biyu a baya, ɗaya a dantse. Kafin iyayen su dawo ta shafa mata mai, har sun shirya suna ta dariya. A wurin Inna ba abin da ya faru, don haka ba ta ma faɗa ba.

Washegari ranar koyon iyo ce a makaranta. Malama ta ga shatar waya a bayan yarinya, ta tambaye ta, yarinya ta faɗi gaskiya. Ba ƙara ta kai ba, tambayarta aka yi. Ita kuwa malamar, dokarsu ta ɗora mata kai rahoto, in ta yi shiru ita za a kama.

Da yamma ma'aikatan kula da yara biyu suka zo, da 'yar sanda, da tafinta. Inna ta kawo musu ruwa. Tafinta ya ce ana tambaya ko ita ta daki yarinyar.

"Ni ce mana! Jikata ce. Gaya musu shi ma uban haka na yi masa, ga shi nan ya zama mutum."

Tafinta bai rage ko kalma ɗaya ba. Sai babbar ma'aikaciyar ta juya wajen direba. Ya san mahaifiyarsa tana duka? Ya ce ya sani. Ya gaya mata an hana? Ya ce a'a. Ma'aikaciyar ta rubuta.

Jakar makaranta da burushin haƙori da kaya kala uku, su kaɗai aka haɗa wa yarinyar. Takwara ta riƙe ƙofa tana kiran uwarta. Inna ta durƙusa a gaban 'yar sandan da ba ta kai autarta shekaru ba, tana cewa a dubi furfurarta. Suka ɗaga ta da ladabi, suka zaunar da ita a kujera, suka tafi da yarinyar.

Wurin aiki aka dakatar da direba, don aikinsa na ɗaukar yara ne. Kotu ta hana Inna kusantar jikarta, ta koma gida bayan kwana tara. Yau wata bakwai ke nan Takwara tana hannun wasu mutane. Iyayenta suna ganinta awa ɗaya ranar Asabar, a wani ɗaki, ma'aikaciya na gefe tana rubutu. Asabar da ta wuce uwar ta yi mata magana da Hausa, yarinya ta ce ba ta gane ba.

Mai karatu, kada ka zagi ƙasar mutane, ba su suka kira ka ba. Yawancinmu kafin tafiya mukan auna akwati sau goma, amma ba ma tambayar abin da aka hana a inda za mu. In za ka wata ƙasa, ka tambaya tun kana gida. In kai ne za ka karɓi baƙo, ka gaya masa gaskiya, ko da shi ya haife ka. Kunyar da za ta raba ka da 'yarka ba ladabi ba ce, sakaci ne.