Ragon da Ya Lashi Katako

Tun da aka yi dokar jiƙa kowane katako da maganin gobara, kasuwa ba ta sake ƙonewa ba. Amma da damina katakon yakan kumbura, ya fitar da farin gishiri, dabbobi su yi ta lasa. Wadda ta lasa, gashinta ba ya babbakuwa, namanta ba ya gasuwa. Wai ci gaba.

Jibi sunan jikata, kai da ƙafar rago kuma na mai jego ne. A kara, Ɗanjimmai dillali ya jawo min wani ƙato.

"Baba Tukur, ɗan daji ne, bai taɓa ganin katako ba."

"Kai ma ba ka taɓa ganin gaskiya ba. Riƙe shi."

Na ƙyasta ashana na kai wuyan ragon. Ko ƙauri bai yi ba.

"Iska ce, Baba!"

Yana wannan surutu, wutar tana lasar gashin hannunsa, shi ma bai kama ba.

"Kai, wane nama kake ci?"

"Wanda kowa ke ci mana. Dafaffe."

Na dubi nawa hannun, na mayar da ashanar aljihu. Na bar masa tsiyarsa. Wannan dai ba zai shiga cikin 'yata ba.