Rawar Hannun Bahago

Bahago wanzami ya ɗora aska a kumatun Malam Ja'afaru na hagu, yana roƙon Allah a zuci kada hannun nan ya kunyata shi yau.

Shekara talatin ke nan duk Juma'a da hantsi yana zuwa zauren nan na Limancin Kona. Da can mutum goma yake yi wa aski kafin azahar. Sai tsufa ya kawo rawar hannu, jama'a suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa shagunan masu inji, ko sallama babu. Malam kaɗai ya rage. Ranar da shi ma ya ce ya isa, sai dai a rataye zabira.

Shi kansa Malam ba lafiya ce ta ishe shi ba. Bara aka yanke masa sankarar fata a gefen ido, daga baya likitoci suka ce ta bi jijiyoyin fuska ta yi ciki. Yanzu duk mako uku ana yi masa ƙarin ruwa na wani magani, wai mai zuga garkuwar jiki ta yaƙi cutar da kanta. An yi na shida, shiru kake ji. Malam ya rame, ya gaji da hanyar asibiti, hira ma ta gagare shi. Ƙuda zai sauka masa a fuska ya yi ta yawo, bai ko kore shi.

Abin da ke cin ran Bahago shi ne sau uku cikin watannin nan askarsa tana ƙwarzanar wannan kumatu. Kowane karo ya yi wuf ya goge, ya danna alimun mai zafin tsiya, bawan Allah ko gezau. Kai, akwai masu kawaici a duniya! Kunyar wannan haƙuri ta fi masa zagi ciwo.

Ya riƙe numfashi, ya ja askar a hankali. Hannun ya yi karkarwa. Jini ya tsatso.

"Wash!" Malam ya zabura, ya dafe wurin, ya zuba masa ido.

Shi ke nan, haƙuri ya ƙare. Bahago ya naɗe askar, ya jawo zabira.

"Allah gafarta Malam, a yafe mini. Na huɗu ke nan. Ba sai ka faɗa ba, na san hannun ya gama aiki."

"Na huɗu?" in ji Malam. "Yaushe aka yi ukun?"

Bai jira amsa ba, ya juya wajen ƙofar cikin gida yana ƙwala wa matarsa kira. Sannan ya cafke hannun Bahago gam, hawaye na bin gemunsa.

"Ina za ka? Ɗauko alimun ɗin nan ka danna mini da ƙarfi. Wata takwas rabon da in ji komai a wannan ɓarin fuskar, ashe maganin ya fara aiki!"