Fuskar da Mama Ta Sani

Phoebe ta jera mayukan fuska uku a kan kantar shagon Debby da ke Unguwar Romi a Kaduna, tana juya su ɗaya bayan ɗaya tana karanta ƙananan rubutun da ke bayansu. Ita ba mai kwalliya ba ce, man kaɗanya ya ishe ta tun tana budurwa. A 'yan watannin nan ne ta koyi karanta bayan kwalba, kuma ba da son ranta ta koya ba.

Kwalliyar ta ƙanwarta ce, Vicky. Gobe da safe Mama za ta iso daga ƙauye, ta kuma aiko cewa kada a yi komai sai ta ga fuskar 'yarta. An kafa rumfuna a ƙofar gidansu a Unguwar Boro, matan zumunta na coci sun ɗora tukwane, tela ya kawo farar riga. Fuskar kaɗai ta rage, ita ce kuwa damuwar.

Baƙar yarinya Mama ta haifa, baƙi mai sheƙi irin na gidansu. Da Vicky ta shigo Kaduna sai ƙawaye suka nuna mata man haɗi, irin wanda ake ɗurawa a roba marar suna. Ta yi fari, sannan kumatun suka ƙone suka yi ja, korayen jijiyoyi suka fito a goshi. Phoebe ta yi faɗa har ta gaji. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to kunnen Vicky na rataya 'yan kunne ne kawai. Shekara da shekaru ta daina zuwa gida Kirsimeti, sai waya, sai tsohon hoto. Mama ba ta taɓa ganin farar Vicky ba, Phoebe kuma ta rantse ba za ta bari ta gan ta ba.

"Anti, kowa na neman na ƙara haske, ke kina neman na duhu?" in ji Debby.

Phoebe ta ci gaba da duba mayukan. Na farko ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, sai gilisirin mai riƙe laima. Irinsa ta gwada jiya, fatar Vicky ta ƙi sha, ya yi layi-layi kamar fenti a jikin kwano. Na biyu mai ne zalla, sai ɗumin jiki ya narkar da shi yake bajewa, ga kuma sinadarin ƙara haske a ciki. Ta ture shi gefe. Na uku a ɗan gwangwani yake, kakin zuma ne da launi mai duhu. Shi ba ya shiga fata, a sama yake zama ya rufe komai.

"Wannan fa yana da nauyi," Debby ta ce. "Toshe fata yake yi, ba ya barin ta ta sha iska. Kwana biyu ƙuraje za su feso mata."

"Shi nake so."

"In ta yi zufa a coci fa? Kin san zafin garin nan."

"Ba za ta yi ba."

Debby ta taɓe baki ta sa shi a leda, ta ce a gaishe da mai sha'ani.

Washegari da sassafe Phoebe ta isa ɗakin da ake shirya Vicky. Ernest, ma'aikacin wurin, ya buɗe mata, ya kawo kujera, ya ba su wuri. Sanyin ɗakin ya sa kakin ya daskare, sai da ta murza shi a tafin hannunta ya yi laushi. Vicky, wadda a da in ka taɓa mata fuska sai unguwa ta ji ku, yau ta kwanta lamo da ido a rufe.

"Kin gani ko?" Phoebe ta ce a hankali. "Da kin bari tun tuni ai da ba mu zo nan ba."

Ta fara da goshi, ta sauko kumatu, ta bi wuya da bayan kunne, ta shafe hannuwan har zuwa farce. Kaɗan-kaɗan yarinyar da suka yi tallan gyaɗa tare ta dawo. Phoebe ta ji daɗi, ta kuma ji tsoro, don ta san idon uwa ba idon maƙwabta ba ne. Ta sa mata rigar, ta kira Ernest suka gyara mata kwanciya.

Hantsi ya ɗaga aka shigo da Mama, mata biyu na riƙe da ita. Ta tsaya a kan 'yarta ta daɗe tana kallo. Sai ta lashi babban yatsanta kamar yadda take musu suna yara, ta goge wani abu a goshin Vicky.

Launin ya biyo yatsan. Wani ɗan wuri fari fat ya bayyana, da koriyar jijiya a tsakiyarsa.

Mama ta dubi yatsanta, ta dubi goshin, ta ɗago ta dubi Phoebe. Ta mayar da yatsan wurin, ta yi ta shafawa a hankali har farin ya ɓace.

"Haka na haife ta," ta ce wa matan. "Ku duba, ba ta canza ba."

Sai a lokacin Phoebe ta gyaɗa wa Ernest kai, ya ɗauko murfin akwatin gawar.