Shekarar Fari

Bature ya ɗaga hannun tsohon, ya kara gilasansa a cikin damtse, inda rana ba ta taɓawa. Ƙananan gilasai ne na gwada launin fata, a jere, daga farin nono har baƙin tukunya, kowanne da lambarsa. Bara waccan ma ya zo Ɗanzomo da su, ya gwada fatar tsohon da ta matarsa da ta 'ya'yansu uku, suna ta ƙyalƙyala dariya. Tun daga nan sama ta ɗauke, damina biyu ba a ɗaure dami ko ɗaya ba.

Bature ya duba littafinsa, ya sake duba damtsen da ya koma kamar kara, ya yi magana da fara'a.

Tafinta ya ce, "Baba, wai ka ƙara fari. Yana tambayar dalili."

"Ai ya faɗa da bakinsa. Fari ne."

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Wai a kira sauran huɗun."

Tsohon ya duƙa a hankali, ya damƙo ƙasa, ya zuba a kan gilasan.

"Ce masa ya gwada, ɗana. Launinsu ke nan yanzu."